Aiki a Sama: Horon da Bai Kai ga Masu Hawan Gora Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake zuba dakin a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya san yadda ranar take kasancewa. Tun da asuba injin kwaɓa kankare yake ruri. An jingina dogayen katakai daga ƙasa zuwa saman ginin, an bubbuga musu guntayen itace a gicciye don ƙafa ta sami wurin takawa. Leburori sun yi jerin gwano, kowa da kwanon kankare a ka, wannan na hawa wancan na sauka, ba mai tsayawa, domin kankare ba ya jiran kowa. Wasu silifas ne a ƙafarsu, wasu kuma buhun siminti suka naɗa suka ɗaure da igiya. Gefen hanyar babu abin dafawa. A ƙasa kuwa ga tsinin rodi a tsaye, ga tarin bulo, ga tsakuwa.

In an tashi lafiya, a yi hamdala a raba kuɗi. In wani ya rikito, a ciccibe shi a saka a a-daidaita-sahu, abokan aiki su yi karo-karo, mai gini ya ba da ɗan abin da ya sawwaƙa "na magani", washegari a nemo wani lebura a ci gaba. Yawancin irin wannan haɗari na ƙananan gine-gine ba ya shiga kundin kowace hukuma. Iyalin mutumin ne kaɗai suke riƙe da lissafinsa.

A ƙasashen da ake ƙirgawa, alƙaluman suna nuna abu guda. A Birtaniya, hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata ta lissafa mutum 138 da suka rasu a bakin aiki a shekarar 2023 zuwa 2024, kuma 50 daga cikinsu faɗowa suka yi daga sama. Babu wani dalili guda da ya kashe ma'aikata kamar wannan. A Amurka, cikin ma'aikatan gini 1,069 da suka rasu a 2022, mutum 395 faɗuwa ce ajalinsu. Waɗannan ƙasashe ne masu sufetoci da kotuna da kayan aiki na zamani. Sai mai karatu ya auna da kansa yadda abin zai kasance inda gora da igiyar roba ne ke riƙe da ran magini.

Mita uku ma sama ce

Mutane da yawa suna ɗauka cewa maganar aiki a sama ta masu hawa turken sadarwa ce ko masu gina bene mai hawa goma. Ba haka ba ne. Wanda ya zame daga saman dakin na farko, wato kimanin mita 3, bai kai daƙiƙa ɗaya ba zai taɓa ƙasa, kuma da gudun da ya kusa kilomita 28 a sa'a zai buga. Daga mita 6, gudun ya kusa kilomita 40. Daga mita 10, ya kai 50. A cikin wannan ƙiftawar ido babu gwanin da zai yi dabara, babu hannun da zai cafki wani abu. Abin da zai biyo baya ya rataya ne ga inda ya fara taɓa ƙasa, ƙeya ce ko ƙugu ko ƙafa, da kuma abin da ya tarar a wurin.

Shi ya sa dokar Amurka ta wajabta kariya a wurin gini tun daga ƙafa 6, wato kusan mita 1.8. Dokar da Birtaniya ta yi a 2005 ma ba ta tsaya ga wani tsayi ba: duk inda mutum zai iya faɗowa ya ji rauni, aiki a sama ne. Da wannan ma'auni, mai fenti da ya ɗora bokiti a kan tebur ya hau yana ciki. Haka mai yin silin, da mai ɗaura tankin ruwa, da mai kafa na'urar sanyaya ɗaki a bangon bene, da yaron da aka tura ya gyara eriya. Haka ɗimbin matasan da suka shiga sana'ar kafa sola tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a 2023, waɗanda suka koyi haɗa batir da waya sosai amma ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake taka rufin kwano.

Abin da ake koyarwa, da tsarin da ake bi

Horo na gaskiya ba ya farawa da ɗamara ko hular kwano. Yana farawa ne da tambaya: shin dole ne a hau? Aiki da yawa ana iya gama shi a ƙasa. Ana iya haɗa ƙarafan rufi a yi musu walda da fenti a ƙasa, sannan a ɗaga. Ana iya shafa fentin bango mai tsayi da doguwar sanda. Duk sa'ar da aka rage a sama, an rage haɗari.

In hawan ya zama dole, sai a hana faɗuwar tun asali, kuma da abin da zai kare kowa da kowa, ba mutum ɗaya ba. Shinge ke nan a bakin dakin, mai tsayin kimanin mita ɗaya, da sanda ta biyu a tsakiya, da katako a ƙasa wanda zai tare guduma ko bulo kada ya gangaro kan na ƙasa. Ramin matakalar bene da duk wata kafa da aka bari a dakin a rufe su da katako mai ƙarfi, a kafe shi da ƙusa, domin falankin da aka ɗora kawai wani zai ɗauke shi yana neman abin aiki, ya taka ramin da ke ƙarƙashinsa. Sai in duk wannan ya gagara ake komawa ga abin da zai tare mutum bayan ya riga ya zame, wato raga ko ɗamara.

Wannan jeri shi ne zuciyar darasin, kuma shi ne muke juyawa a nan. Mu kan fara daga ƙarshe: a sayo hula da riga mai ƙyalli a ɗauki hoto, a bar bakin bene a buɗe. Shinge ba ya bukatar mutum ya tuna da shi. Ko ma'aikaci ya gaji, ko jiri ya ɗebe shi, ko yana ja da baya riƙe da falanki, shingen yana nan.

Raga ma tana da tarihinta. Lokacin da ake gina gadar Golden Gate a San Faransisko, tsakanin 1933 da 1937, babban injiniyan aikin, Joseph Strauss, ya sa aka shimfiɗa raga a ƙarƙashin gadar. Mutum 19 suka faɗa cikinta suka tsira da ransu. Amma a watan Fabrairun 1937 wani dandamalin aiki ya ɓalle gaba ɗaya ya yaga ragar, mutum 10 suka hallaka a rana ɗaya. Ragar ta yi aikinta a kan mutane, ba ta iya ɗaukar dandamalin da bai kafu da kyau ba.

Tsani da gora da kwano

Tsani shi ne abin hawan da kowa ya raina, kuma ƙa'idojinsa ba su da tsada ko kaɗan. In tsayin wurin da aka jingina shi mita 4 ne, gindinsa ya nisanci bango da mita 1. In ya fi haka miƙewa zai kife da mutum ta baya, in ya fi haka kwanciya gindin zai sulale. Kansa ya zarce inda za a sauka da kimanin mita ɗaya, don mai hawa ya sami abin riƙewa sa'ad da yake taka dakin, domin a daidai wannan gaɓa mutane suka fi faɗuwa. A ɗaure shi a sama. Mai hawa ya fuskanci tsanin, kuma a kowane lokaci gaɓoɓinsa uku na kansa: hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Ma'anar wannan ita ce ba a hawa da bulo a kafaɗa ko bokitin fenti a hannu. Kaya da igiya ake jan su. Tsanin katakon da kafinta ya harhaɗa a wurin aiki kuwa, wanda ƙusa biyu ne kacal ke riƙe da kowane mataki, ya kamata a duba shi kowace safiya, domin rana da ruwa suna cin katako a daidai bakin ƙusa.

Sai gadon da magina ke tsayawa a kai, wanda ake kira sikafol. Ba na cikin masu cewa gora ce matsalar. A Hong Kong an daɗe ana lulluɓe dogayen benaye da sikafol na gora, amma masu ɗaura shi sana'arsu ke nan, sun koya an ba su shaida. Abin da ke kashe mutane a wurinmu shi ne gorar da ta bushe ta tsage an ci gaba da amfani da ita daga wannan gini zuwa wancan, da gindin da aka ɗora kan bulo maimakon faffaɗan katako a ƙasa mai tauri, da rashin sandunan gicciye, da rashin ɗaure gadon a jikin gini. Sannan ga falanki ɗaya tal a matsayin wurin tsayawa, an jibga masa bulo da kwanon siminti da mutum biyu. Sikafol na ƙarfe ma bai tsira ba in an kafa shi a karkace ko an cire masa wasu sanduna don mai filasta ya sami hanya. A Birtaniya doka ce wanda ya san aikin ya duba sikafol kafin a fara hawa, ya sake dubawa duk kwana 7, da kuma bayan iska mai ƙarfi. A nan, bayan guguwar farkon damina, sau nawa ake dubawa kafin a hau?

Rufi yana da tarkonsa na daban. Kwanon zamani ya yi siriri, ba ya ɗaukar mutum sai a kan layin ƙusa inda katako ko ƙarfe yake a ƙarƙashi. Tsohon rufin asbestos da farin kwanon roba mai shigo da haske a manyan rumbunan ajiya suna fashewa ne ba gargaɗi, ƙura kuma kan rufe su har ba a bambance su da sauran. Raɓar safiya tana mai da kwano santsi. Falle ɗaya na dogon kwano a hannun mutum, in iska ta taso, ya isa ya yi sama da shi. Ga kuma wayar wuta: gidaje da yawa sun matso ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, mai ɗaga rodi mai tsawon mita 12 ko tsanin ƙarfe ba sai ya taɓa waya ba, kusantar ta ma ta isa wuta ta yi tsalle. Sau da yawa wutar ce ke fizgar mutum, faɗuwar ta ƙarasa shi.

Ɗamarar da ba a iya amfani da ita ba

A nan nake so in daɗe, domin a nan ne ake yaudarar kai da yawa. Ɗamarar kariya, wadda ma'aikata ke kira sefti bel, iri biyu ce. Akwai ta ƙugu kawai, akwai mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi. Ta ƙugu an yi ta ne don mai aiki a kan falwaya ya jingina ya saki hannuwansa. Ba a yi ta don tare faɗuwa ba. Wanda ya faɗo ta tare shi, duk nauyin fizgar a cikinsa da gadon bayansa zai sauka, ko kuma ya kife ya zare daga cikinta. Amurka ta haramta amfani da ita don tare faɗuwa tun farkon 1998. Abin da ya fi wannan muni shi ne igiyar da ake ɗaura wa yaro a ƙugu a ce wani ya riƙe ɗaya bakin a sama.

Cikakkiyar ɗamara ma ba ta da amfani sai da abin da aka maƙala ta. Ƙa'idar Amurka ita ce wurin maƙalawa ya iya ɗaukar nauyin da ya haura tan 2 saboda mutum ɗaya, domin fizgar jikin da ke faɗowa ta ninka nauyinsa sau da yawa. Bututun ruwa ba zai ɗauka ba. Gorar sikafol ba za ta ɗauka ba, sai ma ta biyo mutum. Ƙarfen taga da bulo ɗaya ke riƙe da shi ba zai ɗauka ba. Kuma a maƙala sama da kai in da hali, ba a wajen ƙafa ba, don tazarar faɗuwar ta ragu.

Ga wani lissafi da mai sayar da kaya a kasuwa ba zai gaya wa kowa ba. Igiyar ɗamara takan kai mita 2. A jikinta akwai wani ƙunshi da aka ɗinke, wanda ke warwarewa ya sassauta fizgar, kuma zai iya ƙara mata tsawo har mita 1.75. A haɗa da tsawon mutumin da ke lilo a ƙasanta, a bar kuma ratar mita ɗaya. Jimla ta haura mita 6. Wato mai aiki a saman gida mai hawa ɗaya, sanye da sabuwar ɗamara mai irin wannan igiya, zai bugi ƙasa kafin igiyar ta gama miƙewa. Yana sanye da kayan kariya, hankalinsa a kwance, alhali babu abin da ke tsakaninsa da ƙasa. A irin wannan tsayi, abin da ke aiki shi ne gajeriyar igiya da aka auna ta yadda mutum ba zai ma iya kaiwa bakin ginin ba. Wannan ilmi ne, ba kaya ba ne, kuma ba a samun sa sai an koya.

Haka duba ɗamarar kafin a saka: ɗinkin da ya fara warwarewa, wurin da tartsatsin walda ya ƙona, ƙugiyar da ba ta rufuwa da kanta. Wadda ta taɓa tare faɗuwa sau ɗaya ta gama aiki, yanka ta ake yi a jefar. Gwanjon ɗamara da ba a san tarihinta ba, araharta ba ta da wani amfani.

Bayan an faɗo

Mutumin da ɗamara ta tare bai tsira ba tukuna. In ya daɗe a rataye ba ya motsi, jini yana taruwa a ƙafafunsa, yana iya suma cikin 'yan mintoci, in aka yi jinkiri kuma ya rasa ransa ba tare da ya ji ko ƙwarzane ba. Don haka kafin kowa ya hau, dole a san wa zai sauko da shi, da me, kuma kayan suna ina. Kamfanonin sadarwa da na mai da suka ɗauki abin da muhimmanci ba sa barin mutum ɗaya ya hau turke shi kaɗai, kuma ba a hawa sai da takardar izini ta wannan rana.

Wanda ya kai ƙasa kuwa, abin da 'yan'uwansa za su yi a minti biyar na farko yakan yanke hukuncin sauran rayuwarsa. Al'adarmu ita ce a ruga a ɗaga shi zaune, a girgiza shi, a kwara masa ruwa, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa a yi mota da shi a naɗe. Tausayi ne ke sa haka, amma in ƙashin wuya ko na baya ya tsage, wannan ɗaukar ce za ta iya datse lakar da faɗuwar ta bari. Abin da ake koyarwa shi ne a bar shi yadda yake in ba wani haɗarin ke tunkaro shi ba, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, a danne inda jini ke zuba, kada a ba shi ruwa ko abinci. In dole a ɗauke shi, mutum huɗu ko biyar su mirgina shi gaba ɗaya kan ƙofa ko faffaɗan katako. Ko da ya miƙe ya ce ba komai, wanda ya bugu a ka a kai shi asibiti, domin jinin da ke taruwa a cikin kai yakan ɗauki sa'o'i kafin ya nuna. Raunin baya da na kai ba na mai ɗori ba ne. Na asibiti ne, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa. Wannan darasi bai fi na rabin yini ba.

"Mun saba"

Ka yi wa tsohon birkila maganar ɗaure tsani, amsar da za ka ji ba ta wuce uku: "Mun saba." "Aikin minti biyu ne." "In kwana ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi." Ban raina ƙwarewar mai shekara talatin a kan gora ba. Ƙafarsa ta san abin da injiniya bai sani ba. Amma sabo ba ya ƙara wa busasshiyar gora ƙarfi, ba ya kuma hana jiri. A watannin bazara zafi yana haura digiri 40 a garuruwanmu, kwano kuma ya fi haka zafi. Mai azumi da ya wuni a rana, ko mai zazzaɓin da ya fito don in bai fito ba babu cefane, ko wanda ya sha ƙwaya don ya ji ƙarfin ɗaukar kankare, duk ƙafarsu ba ta nan daram yadda suke zato. Mai horarwa da ya san ƙasar nan zai ce aikin rufi a yi shi da sanyin safiya, a sauko kafin rana ta take, ba zai karanto jadawalin wata ƙasa ba.

Maganar ƙaddara kuwa, malamai sun riga sun yi mana bayani. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito gargaɗin Manzon Allah (SAW) game da kwana a kan rufin da ba shi da katangar gefe. Shingen bakin bene ke nan, tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. Magina na gargajiya ma ba su yi sakaci ba. Soron Hausa yana da rawani a kewayensa. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515 aka sake gina ta a 1844, an bar itatuwa sun fito daga jikinta, suna ƙarfafa ginin suna kuma zama matakan masu yaɓe. Waɗanda suka gina ta sun yi tunanin mutumin da zai hau gyara bayan ba ransu. Yau ana zana bene mai hawa huɗu ba a bar ko ƙugiya ɗaya a rufi ba wadda mai gyaran tanki zai maƙala igiya.

Doka tana nan, ba ta sauko ƙasa ba

Nijeriya ba ta rasa dokoki ba. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987, ko da yake tarar da ke cikinta da darajar naira ta wancan zamani aka rubuta ta, yau ba ta tsorata kowa. Dokar Inshora ta 2003, wadda aka maye gurbinta a 2025, ta wajabta wa mai gina bene da ya haura hawa biyu ya yi inshorar da za ta rufe ma'aikata da masu wucewa. Mafi muhimmanci ga lebura ita ce Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Mai ɗaukar aiki yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, ba a cire ko kwabo daga kuɗin ma'aikaci. Dokar ta ambaci mai aikin wucin gadi da ɗan koyo, ta ambaci yarjejeniyar baka, ta kuma haɗa da sana'o'in da ba na ofis ba. Wanda ya ji rauni, ko iyalinsa, su sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. A Nijar, asusun CNSS ne ke ɗaukar nauyin haɗarin wurin aiki ga ma'aikatan da aka yi wa rajista. Leburori nawa ne a bakin titi, cikin masu jiran motar da za ta kwashe su da safe, suka taɓa jin wannan?

Horon ma haka yake. Ana yin sa, amma a ɗakunan taro na Legas da Fatakwal da Abuja, da Turanci, da kuɗin da ya fi abin da lebura ke samu a wata. Masu zuwa su ne ma'aikatan manyan kamfanoni, waɗanda dama suna da sufeto a kansu. Mafi yawan gidajen da muke ciki kuwa ba kamfani ne ya gina su ba. Oga ne da yaransa, kuma yaro abin da ya ga oga yana yi shi zai yi har ya zama oga. Saboda haka a ganina wanda ya kamata a fara koya wa shi ne ogan. Birkiloli da kafintoci da masu walda da masu wayarin suna da ƙungiyoyi da shugabanni da ranakun taro. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa tun 1971, da hukumar NBTE mai kula da ilmin sana'a, da kwalejojin fasaha na jihohi, suna iya zuwa wurinsu maimakon jiran su zo. A yi darasin da Hausa, a gindin gini na gaske, ba a kan allo ba. A cika buhu da yashi mai nauyin mutum, a ɗaura masa igiya a ƙugu kamar yadda aka saba, a sako shi daga dakin kowa yana kallo. In kunne ya ji jiki ya tsira, amma abin da ido ya gani ya fi zama. Sannan kowace safiya, kafin a taɓa cebur, oga ya tara yaransa minti biyar: yau ina za mu hau, me zai iya kayar da mu, wa ya duba gado.

Sai dai ko an koya wa oga, akwai abin da ya fi ƙarfinsa, shi ne yadda ake biyansa. Aikin gini a wurinmu jinga ne: kuɗin bulo kaza, kuɗin rufi kaza. Sa'a biyun da zai ɓata yana kafa shinge da ɗaure gado babu mai biyansa, hayar sikafol na ƙarfe kuma daga ribarsa za ta fita. In ya saka ta a lissafi, mai gini ya ce ya cika tsada ya kira wani. Ashe igiyar tana hannun mai kuɗin, kuma mai kuɗin ba wani baƙo ba ne. Ɗan kasuwa ne, ma'aikaciyar gwamnati ce da ke tara albashi tana ɗora bulo, kwamitin masallaci ne ko na makarantar Islamiyya da ke ƙara hawa ɗaya a sama.

Alhaji, Hajiya, ku da kuke da gini a hannu: in an kawo muku lissafi, ku nemi a rubuta kuɗin sikafol da na shinge a layinsu daban, ku biya su daban, kada ku yi ciniki a kansu. Ranar zuba dakin ku je da kanku ku ga hanyar da leburori za su bi da kankare a ka. In hanyar ba wadda za ku yarda ɗanku ya hau ba ce, ku ce a dakata a gyara kafin a kunna inji.